Bautar Caca da Hanyar Fita Daga Cikinta

Karatu: Galatiyawa 6:1-5, 1 Timoti 6:6-10

Manufa: Domin iyalan masu bi su gane yadda caca take kama mutum, su kuma san yadda za su taimaki wanda ta kama ba tare da sun ƙara mata ƙarfi ba.

Gabatarwa

A Azuba da sauran garuruwan da suke kewaye da Lafiya, kuɗi mai kauri yakan shiga gidan manomi sau ɗaya ne ko biyu a shekara, wato sa'ad da aka sayar da doya, ko riɗi, ko agushi, ko shinkafa. Daga cikinsa za a biya kuɗin makarantar yara, a sayi taki, a ajiye na asibiti, a kuma fitar da zakka da baiko. A dā, wanda yake so ya yi caca da irin wannan kuɗi sai ya nemi lungun da 'yan karta suke ɓuya, gari duka kuwa ya san shi. Yau caca ta shiga aljihu. Saurayi yana iya zama a bencin majami'a, Littafi Mai Tsarki a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, ya zubar da kuɗin buhun riɗi kafin a yi addu'ar rufewa.

Wannan sauyi ya faru cikin ɗan lokaci kaɗan. Kamfanin Premier Lotto, wanda aka fi sani da Baba Ijebu, ya fara a 2001. Cacar ƙwallo ta intanet ta biyo baya, NairaBet a 2009, Bet9ja kuma a 2013. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar caca a 2005, amma a watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ikon tsara caca a jihohi na jihohin ne. Doka ta yardar wa wanda ya kai shekara 18 ya shiga shagon caca mai lasisi. Sai dai Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa abu yana iya zama halal amma ba shi da amfani, kuma bai kamata mai bi ya bar kowane abu ya mallake shi ba (1 Korantiyawa 6:12).

1. Abin da Maganar Allah ta koyar

Matasa sukan ce babu ayar da ta ambaci caca da sunanta ta hana. Hakika babu. Amma Littafi Mai Tsarki ya yi magana a fili a kan tushen da caca take tsirowa daga ciki. Bulus ya gargaɗi Timoti cewa masu ƙwallafa rai ga yin arziki sukan faɗa cikin jaraba da tarko, kuma son kuɗi ya sa waɗansu sun bauɗe daga bangaskiya sun jawo wa kansu baƙin ciki mai yawa. Karin Magana 13:11 ta nuna cewa dukiyar da aka samu a sawwaƙe takan lalace, wadda aka tara kaɗan-kaɗan da gumi ita take yalwata. Afisawa 4:28 ta ba da dalilin aiki: mutum ya yi aiki da hannunsa domin ya sami abin da zai ba mabukaci. Mai caca kuwa ba ya ci sai waɗansu sun yi hasara, gama kuɗin da ake biyansa daga aljihun maƙwabtansa ya fito.

Waɗansu sukan kafa hujja da kuri'ar da manzanni suka jefa wajen zaɓen Matiyas (Ayyukan Manzanni 1:26). Manzannin ba su zuba kuɗi ba, ba su kuma nemi riba ba, nufin Allah suka nema. Kuri'ar da ta yi kama da caca ita ce wadda sojoji suka jefa a gindin gicciye a kan rigar Yesu (Yahaya 19:23-24). Saboda haka wanda yake roƙon Allah ya nuna masa lamba cikin mafarki, ko yake kai tikiti a yi masa addu'a, yana ɗora sunan Ubangiji a kan kwaɗayinsa ne.

2. Dalilin da ya sa mai shago ba ya faɗuwa

Yana da kyau iyaye su zauna da 'ya'yansu su yi wannan lissafi da alƙalami. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya ne. Da adalci za a bi, wanda ya zuba naira 100 ya ci, naira 200 za a ba shi. Amma kamfani yakan biya abin da bai kai haka ba, misali naira 190. Idan mutum ɗaya ya zuba 100 a wannan gefe, wani ya zuba 100 a wancan, kamfani ya karɓi 200 ya biya 190. Ko wa ya ci, naira 10 ta zauna a hannunsa.

Abin ya fi muni ga mai haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya. Idan wasanni 10 ne, kowannensu kuma rabi da rabi ne, damar a ci duka ita ce 1 cikin 1,024. Wannan ɗan kaso da kamfani yake cirewa kuma yana ninkuwa a kowane wasa, har ya kai kusan naira 40 cikin kowace 100. A cacar lamba, inda ake fitar da lambobi 5 daga cikin 90, damar lambobi biyu da mutum ya zaɓa su fito tare ita ce kusan 1 cikin 400. Mai zuba naira 500 kowace rana ya zuba naira 182,500 a shekara. Ana yayata sunan mutum ɗaya da ya ci, ba a kuwa buga hoton ɗaruruwan da suka biya kuɗin cin nasa.

3. Yadda caca take kama mutum

Wanda ya san wannan lissafi yana iya tambaya, me ya sa mutum mai hankali ba ya bari? Likitoci sun daɗe suna nazarin wannan. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa cacar da ta fi ƙarfin mutum cikin jerin cututtuka tun 1980, a 2013 kuma ta haɗa ta aji ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi haka cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. A ƙarshen 2024 hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da wannan cuta, kuma duk mai caca mai tsanani ɗaya yakan jawo wa mutum shida wahala.

Jiran sakamako yana motsa sashen ƙwaƙwalwa mai sa jin daɗi, kamar yadda abin maye yake yi. Sa'ad da wasa ɗaya tak ya ɓata tikiti, mutum yakan ji kamar ya kusa ci, alhali kuwa kuɗinsa duka sun tafi. Daga nan sai babbar igiya ta ɗaure shi, wato neman ramawa. Ya rasa dubu biyar, sai ya zuba dubu goma domin ya dawo da ita. Ya rasa wannan, sai ya taɓa kuɗin adashin matarsa, ko kuɗin mai babur ɗin da yake haya da shi, ko ya ci bashi ta waya. Garin neman ƙiba ya samo rama. Yanzu kunya ta hana shi faɗa, cacar da ta jefa shi rami kuma ita yake gani kamar tsanin fita.

Kiran abin cuta bai wanke mutum daga alhakinsa a gaban Allah ba. Amfaninsa shi ne iyali su gane cewa faɗa da alkawarin baki kaɗai ba sa tsinke wannan igiya. Akwai tambayoyi biyu da ma'aikatan lafiya suke amfani da su: Ko mutum ya taɓa yi wa na kusa da shi ƙarya a kan yawan cacarsa? Ko ya taɓa jin dole ya riƙa ƙara yawan kuɗin da yake zubawa? Idan amsar ɗaya daga ciki i ce, lokacin neman taimako ya yi. Sauran alamu su ne ɓoye waya, fushi in an hana shi, ɓacewar kaya a gida, rashin barci, da masu bin bashi da iyali ba su san da su ba.

4. Matakan fita

Na fari, ya faɗi gaskiya dukanta. Karin Magana 28:13 ta koyar cewa mai ɓoye laifinsa ba zai ci gaba ba, mai furtawa ya rabu da shi zai sami jinƙai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ya zauna da matarsa ko iyayensa, tare da fasto ko dattijo ɗaya amintacce, ya rubuta kowane bashi da sunan mai shi, kada ya rage ko ɗaya. Bashin da aka ɓoye shi ne yakan mai da mutum shago.

Na biyu, ya yarda cewa kuɗin da suka tafi sun tafi. Muddin yana riƙe da begen dawo da su, ƙafarsa ɗaya tana cikin tarko.

Na uku, ya miƙa kuɗinsa ga wani na ɗan lokaci. Katin banki ya koma hannun matarsa ko ɗan'uwansa, a riƙa ba shi na bukatar yini. Ranar sayar da amfanin gona kada ya je kasuwa shi kaɗai.

Na huɗu, ya toshe hanyoyin. Yesu ya yi maganar rabuwa da ido ko hannun da yake sa mutum tuntuɓe (Matiyu 5:29-30). A yau wannan yana iya zama rufe asusun caca, goge manhajar, komawa ƙaramar waya marar intanet, da barin gidan kallon ƙwallo har zuwa wani lokaci.

Na biyar, ya cike gurbin. Asabar da Lahadi da yamma su ne lokutan gwaji. Gona, sana'a, ƙungiyar mawaƙa, ko fita bishara tare da 'yan Sabon Rai sun fi zaman kaɗaici da waya.

5. Kaya biyu: aikin iyali

A Galatiyawa 6:2 Bulus ya ce masu bi su ɗauki nauyin juna, a aya ta 5 kuma ya ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Ayoyin ba su saɓa wa juna ba, gama kalmomi biyu ne daban a Helenanci. Ta fari tana nufin nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ta biyu kuwa kayan da ya wajaba kowa ya ɗauka da kansa. A nan ne iyalai da yawa suke kuskure. Uwa takan sayar da akuyarta a ɓoye ta biya bashin ɗanta domin a rufa asiri. Ta ɗauke masa kayan da ya kamata ya ɗauka, ta kuma bar shi da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Bayan wata biyu sai ga sabon bashi. Wani uban kuma yakan kori ɗan daga gida, ya miƙa shi ga abokan caca ke nan.

Hanyar da ta dace tana tsakani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A riƙe mutumin, a ci abinci tare da shi, a yi addu'a tare, a raka shi wurin masu bin bashi a roƙi a biya kaɗan-kaɗan, amma daga guminsa za a biya. Kada kowa ya tsaya masa lamuni a sabon bashi (Karin Magana 22:26-27). Matar da ta killace kuɗin abinci da na makaranta ba ta yi wa mijinta rashin biyayya ba, gidansa take tsarewa. Idan kuwa abin ya kai ga duka ko barazana, ta sanar da dattawa da danginta ba tare da jinkiri ba. In mutum ya sāke faɗuwa bayan ya fara tafiya, a tambaye shi ta wace ƙofa jarabar ta shigo, a toshe ta, a ci gaba.

6. Aikin ikkilisiya da inda za a sami taimako

A 1957, a birnin Los Anjeles na Amurka, waɗansu masu fama da caca suka fara taruwa suna faɗa wa juna gaskiya, suna ƙarfafa juna su wuce yini ɗaya ba caca. Ƙungiyar, mai suna Gamblers Anonymous, ta bazu zuwa ƙasashe da yawa, daga baya iyalansu ma suka kafa tasu. Abin da suke yi yana kusa da umarnin Yakubu 5:16 na furta laifi ga juna da yi wa juna addu'a. Kowace ikkilisiya tana iya kafa ƙaramin taro irin wannan na mutum huɗu ko biyar, sau ɗaya a mako, da sharaɗin cewa abin da aka faɗa a ciki ba ya fita. Zumuntar Mata kuma ta tallafi matan da suke ɗauke da wannan nauyi a ɓoye. Bulus ya ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, don haka kada a mai da shi abin misali a kan bagade. Kada kuma a bar kuɗin ikkilisiya a hannun mutum ɗaya, domin a kāre shi daga gwaji.

Neman likita ba rashin bangaskiya ba ne. Likita a babban asibiti a Lafiya yana iya duba mutum ya tura shi wurin masana, kamar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Masana suna taimako ta hanyar zaman shawara mai gyara tunanin da yake mai da mutum ga caca, suna kuma maganin baƙin ciki mai tsanani da yakan zo tare da ita. Idan mai caca ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Mene ne bambancin kuri'ar manzanni da ta sojoji a gindin gicciye?
2. Wane nauyi ne iyali za su ɗauka tare da mai caca, wane kaya ne kuma za su bar masa?
3. Idan saurayi a wannan ikkilisiya yana so ya furta cacarsa yau, wurin wa zai je ba tare da tsoron tonon asiri ba?

Addu'a

A roƙi Ubangiji ya ba waɗanda caca ta ɗaure ƙarfin halin faɗin gaskiya, ya ba matansu da iyayensu hikima da haƙuri, ya kuma koya wa 'ya'yan ikkilisiya wadar zuci tare da ibada, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.