KUKAN FARFELA DA AKSIL: ABIN DA YA KAMATA MAI MOTAR HAYA YA SANI

Garin Mararaba yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a bakin iyakar Birnin Tarayya. Tun da aka mayar da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suke kwana a wannan gari, su yi sammako zuwa birni ta hanyar Keffi. Motocin da ke jigilarsu kullum suna cikin cunkoson Nyanya, a tashi a tsaya, sannan su fuskanci hawan Kugbo da cikakken lodi. Irin wannan aiki ba inji kaɗai yake ci ba. Ya fi cin sassan da ke kai ƙarfin inji ga taya, wato kuloci, giyabos, farfela da aksil.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira, kayan gyara sun yi tsada ƙwarai. Saboda haka mai mota da bai san ciwon motarsa ba yakan biya sau biyu: ya sayi abin da bai lalace ba, sannan ya dawo ya sayi wanda ya lalace, ban da balas ɗin kwanakin da mota ta yi a gareji. Maganin wannan hasara shi ne a lura da lokacin da ƙara ke fitowa, domin lokacin shi ne ke tona asirin wurin.

Matakin farko

A tsayar da mota, a cire giya, a taka totur. Idan ƙarar tana bin inji alhali mota tana tsaye, to farfela da aksil ba su da laifi, domin ba sa juyawa. Idan an taka kuloci ƙarar ta ɗauke, zargi yana kan boris na cikin giyabos. Idan kuwa sai an taka kuloci take fitowa, to boris ɗin kuloci ne. Ƙarar da ba ta fitowa sai mota na tafiya, tana kuma ƙaruwa da gudu, ita ce abin bincikenmu.

Motoci masu ja da baya

Bas ɗin Hiace da akori-kura irin su Hilux suna ja da tayoyin baya ne. Farfela, wato dogon bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, ita ke ɗaukar juyi daga giyabos zuwa aksil na baya. A gaɓoɓinta akwai kuros mai kai huɗu, kowane kai da ƙananan allurai na ƙarfe cikin giris. Doguwar farfela kuma tana da boris a tsakiya cikin roba, wanda makanikai ke kira hanga.

Idan aka ji "ƙwas" lokacin tashi, ko lokacin da aka sauya daga giyar gaba zuwa ribas, galibi kuros ne ya cinye, ko kuma haƙoran aksil sun yi gibi fiye da kima. Idan aka ji tsuwa tana maimaituwa a tafiyar sannu, kuros ne ya bushe, yana neman giris ko canji.

Karkarwar da ake ji a kujera da daɓen mota idan an kai wani gudu, tana nuna farfela ta lanƙwashe, ko ta rasa daidaito, ko robar hanga ta yage. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi wajen sayen taya. Bambancin shi ne, karkarwar tayar gaba a sitiyari ake jinta, ta farfela kuwa ta fi sauri da laushi, domin farfela takan yi juyi kusan huɗu kafin taya ta yi ɗaya.

Har ila yau akwai kuka mai kama da busa daga bayan mota, wanda ke canzawa idan an taka totur ko an saki. Wannan na haƙoran aksil ne ko boris ɗinsu, kuma sau da yawa ƙarancin mai ne mafarinsa. Gurnanin boris ɗin taya kuwa bai damu da totur ba. Shi yakan canza ne idan an karkata sitiyari: in ya ƙaru sa'ad da aka karya hagu, yawanci na dama ne ya lalace, domin nauyi can ya koma.

Motoci masu ja da gaba

Ƙananan motocin tasi irin su Golf ba su da farfela. Suna da gajerun shaf biyu daga giyabos zuwa tayoyin gaba, kowace gaɓa a rufe da roba cike da giris. Idan aka ji "ƙas-ƙas-ƙas" a kwana mai tsanani, gaɓar waje ce. Idan mota na girgiza sa'ad da aka ba ta wuta, ta daina in an saki, gaɓar ciki ce. Kusan kullum robar ce ke fara yagewa, giris ya fita, ƙura da ruwan damina su shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar da aka canja da wuri takan ceci shaf ɗin gaba ɗaya.

Yadda ake gwada motsin farfela

A ajiye mota a kan rami ko shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a sa waigi a tayoyi, sannan a cire giya don farfela ta saki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kama gefen kuros biyu, hannu ɗaya kowane gefe, a murɗa su saɓanin juna. A nan ba a yarda da motsi ko kaɗan ba. Jar ƙura mai kama da tsatsa a bakin kuros ita ma shaida ce cewa alluran sun niƙe. Daga nan a ɗaga farfela sama da ƙasa a bakin aksil. In wurin ya motsa, ko mai na yoyo, boris ɗin ciki ya saki. A duba robar hanga da notunan da ke ɗaure farfela.

To, amma fa ba kowane motsi ne ciwo ba. Idan aka juya farfela gaba ɗaya ta ɗan motsa kafin ta cije, wannan gibi ne da aka bari da gangan tsakanin haƙora domin mai ya samu shiga. Sai ya yi yawa har yana buga ƙara ne ake kiransa lalacewa. Kada a yarda a kwance aksil saboda shi kaɗai. Masu tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, su sani cewa farfelarsu a cikin bututu take, ba a kama ta da hannu, sai dai a dogara ga kunne.

In za a cire farfela, a sa alama da fenti a mahaɗanta don ta koma yadda take. Mayar da ita a karkace yana haifar da karkarwar da babu ita a da.

Lissafin ɗan kasuwa

Kuros yana cikin mafi arha a waɗannan sassa, amma sakaci da shi ya fi kowanne tsada. In ya tsinke mota na gudu, farfela na iya fasa giyabos, ta tsinka bututun birki, ko ta caki kwalta ta kifar da mota da fasinjojinta. Saboda haka ya kamata mai mota ya umarci direbansa da ya riƙa faɗin sabuwar ƙara ran da ya ji ta, ba tare da tsoron za a cire masa kuɗin gyara ba. A riƙa duba man aksil da giris a duk lokacin juyen baƙin mai. Mai sayen mota ta hannu kuma ya yi wannan gwaji kafin ya biya, ya kuma yi hattara da aksil da aka cika da mai mai kauri don a ɓoye kukansa.

In aka je gareji, maimakon a ce "mota tana ƙara", a gaya wa makanike a wane gudu, a wace giya, da lodi ko babu, a kwana ko a miƙe. Sannan a nemi ya nuna motsin da hannunsa kafin a ba da kuɗin kaya.