Yadda Ma'aikaciyar Jinya Take Gane Sanƙarau

Daga hunturu zuwa faɗuwar damina ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a arewacin Nijeriya. A annobar 1996 kaɗai ya hallaka fiye da mutum 11,000. Saboda haka ya kamata jama'a su san abin da ma'aikaciyar jinya take dubawa.

Babba yakan faɗi inda ke masa ciwo. Takan ce ya kimanta zafin daga sifiri zuwa 10, sa'an nan ta tallafo ƙeyarsa a hankali, ta ga ko haɓarsa za ta taɓa ƙirji. Idan wuya ya sandare, ga zazzaɓi, ga gudun haske, to alama ta bayyana.

Jariri kuwa ba shi da baki, kuma sau da yawa wuyansa ba ya sandarewa. Nan ne iyaye sukan ruɗu. Sai ta shafa maɗigarsa ta ji ko ta kumbura, ta saurari kukansa, ta tambayi uwa, "Yaushe ya ƙi nono? Ya yi taune-taune?" Amsar uwa tana da nauyi ƙwarai, domin ita ta kwana da shi.

Likita yakan ɗebi ruwan ƙashin baya don tabbatarwa, amma akan fara allura tun kafin sakamako ya fito.