Filin Wasa da Mai Fili: Darasi Daga Ingila Zuwa Katsina

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar tseren babur ta Coventry a Ingila ta ga haka. Tun 1948 take tsere a filin Brandon, amma filin ba nata ba ne. Da aka sayar da shi, aka rufe bayan kakar 2016, sai ƙungiyar ta rasa wurin tsere.

Wannan abin lura ne ga Katsina, inda wasan holo ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya kuma bunƙasa a hannun Sarki Usman Nagogo. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Mai takardar mallaka ba ya bayar da hayar fili sai da yardarsa, kuma gwamna na iya soke takardar saboda amfanin jama'a, a biya diyyar abin da aka gina.

Saboda haka daɗewar wasa a fili ba hujjar mallaka ba ce. Wajibi ne kowace ƙungiya ta san sunan wa ke kan takardar, da shekarun da suka rage mata.