Daga Ja Zuwa Kore: Tarihin Rigar Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya

A zamanin mulkin mallaka, jar riga 'yan wasan Nijeriya suke sakawa, har ake yi musu laƙabi da Red Devils. Bayan samun 'yancin kai a 1960, aka ɗauko kore da fari daga tutar da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana, suna ya koma Green Eagles. Da wannan launi aka ci kofin Afirka a Legas a 1980. Suna ya sake canzawa zuwa Super Eagles a 1988, masu ɗinki ma suka canza, Adidas a 1994, Nike a 2018, amma launin yana nan. Shi ya sa a garin kan iyaka irin Kaoje, koriyar riga ke nuna Nijeriya, ruwan ɗorawa kuma Benin.