Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Kula da Abokan Hulɗa a Yola

Wata mai sauraronmu daga Doubeli a Jimeta ta ce ta gama bautar ƙasa, tana neman aikin kula da abokan hulɗa, ta ina za ta fara?

To, Malama, fara da wuraren da jama'a ke kai koke kullum: bankunan titin Galadima Aminu, ofisoshin MTN da Airtel, da kamfanin wutar lantarki na YEDC mai kula da Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Bankuna da dama sukan ɗauki irin waɗannan ma'aikata ta hannun kamfanonin kwangila, don haka ki riƙa leƙa Jobberman da LinkedIn. Ki kuma tambayi ma'aikatan reshe wane kamfani ya kawo su.

A takardar bayananki, ki sa harsunan da kike ji a sama. Dattijon da katinsa ya maƙale a ATM, ya shigo ransa a ɓace, wadda za ta lallashe shi da Fulatanci ko Hausa ta fi mai Turanci zalla amfani.

Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na "hanya", ɗan damfara ne, kada ki ba shi ko sisi.