Ruwa na ɗiga ta hanci ɗaya: me ya sa hoto har biyu?

Anti, shekaruna 44, kuma ina da ƙiba. Watanni ke nan wani ruwa garai-garai yana ɗiga ta hancina na hagu, musamman in na yi sujada ko na duƙa wanke-wanke. In ya gangara maƙogwaro sai in ji gishiri-gishiri. Na sha maganin mura har na gaji. Yanzu likita ya ce yana zargin ruwan ƙwaƙwalwa ne, in je a yi mini hoton CT da MRI. Maigida ya ce tunda ban taɓa buguwa a ka ba, ɓarnar kuɗi ce. Don Allah ki ba ni shawara.

Baiwar Allah, daga Zariya

'Yar'uwa, sannu da jiki. Ki bi maganar likitan nan, kada ki yi sanya.

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa da jiki ke samarwa, kusan rabin lita kullum. Abin da ya raba ta da kogon hanci ƙashi ne siriri, wani wurin kamar ɓawon ƙwai. In ruwan ya daɗe yana matsa shi, sai ya cinye ya huje, ba sai an bugu ba. An fi ganin haka ga mata masu ƙiba da suka manyanta, sau da yawa tare da ciwon kai da jin bugun jini a kunne. Abin tsoron kuwa shi ne, ƙofar da ruwa ke fita ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, su haddasa sanƙarau.

Hotunan biyu kowanne da aikinsa. CT ƙashi yake nunawa, a yanka-yanka da kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, don hujin kan yi ƙanƙanta ƙwarai. Yakan ɓuya a rufin hanci inda jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa, ko a gefen wani kogo da ke can bayan hanci. MRI kuma shi ke nuna hanyar da ruwan ke bi, da ko wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ko rigarta ya leƙo ta hujin, da alamun matsin ruwa a cikin kai. Likitan tiyata ba zai so ya shiga wurin nan da lalube ba. Wani lokaci akan tara ruwan a kwalba a gwada shi don a tabbatar.

Yawanci ta cikin hanci ake toshe hujin da na'ura mai kyamara, ba a buɗe kai, kuma galibi ana dacewa. Daga baya a kula da matsin ruwan da magani da rage ƙiba, don kada ya sake ɓallewa.

Kafin nan ki daina fyace hanci da ƙarfi da ɗaukar kaya mai nauyi, kada ki ɗura komai a hanci, kuma ki tambayi likita batun shaƙa ruwa a alwala. In zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ranar komawa asibiti ki lallashi maigida ku je tare, ya ji daga bakin likita. Allah ya ba ki lafiya.