Darasin Wannan Wata: Ta'aziyya Ga Wanda Ba Mu Sani Ba

Karatu: Luka 7:11-17, Ayuba 2:11-13, Romawa 12:15

Gabatarwa

Idan aka yi rasuwa a ikkilisiyarmu, mun san abin yi. Dattawa su taru, Zumuntar Mata ta ɗora tukunya, matasa su haƙa kabari. Amma idan mai makokin baƙo ne, ba danginmu ba, ba ɗan ikkilisiyarmu ba, sau da yawa mukan ce, "Ai ba mu san su ba," mu wuce.

A ranar 18 ga Afrilu 2020, 'yan bindiga sun kashe mutum 47 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Dutsin-Ma, Ɗanmusa da Safana. A shekarun da suka biyo baya mutane da yawa sun bar gidajensu, sun fake a garuruwa kamar Dutsin-Ma da Kurfi. Wasu sun binne nasu cikin gaggawa, suka gudu ba wanda ya zauna da su. Mafi yawansu Musulmi ne. Wa zai yi musu ta'aziyya?

Abin da Yesu ya yi a Nayin

Gwauruwar Nayin ba ta san Yesu ba, ba ta kuma roƙe shi kome ba. A ƙofar gari suka haɗu, ana ɗauke da gawar ɗanta tilo. Luka ya nuna mana cewa Ubangiji ya gan ta, ya ji tausayinta, ya matso. Bai tambayi danginta ba, bai bincika bangaskiyarta ba. Mu ba mu da ikon ta da matattu, amma gani da tausayi da matsowa suna hannunmu.

Abokan Ayuba kuma sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba su ce uffan ba. A nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ƙara masa ciwo.

Wata rana a tashar mota ta Dutsin-Ma na ga wata mace da yara uku tana kuka, mutane suna ta wucewa. Ni ma na wuce. Wata mai sayar da abinci, 'yar Zumuntar Mata, ta bar teburinta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba yaran abinci, ta zauna kusa da ita. Daga baya na ji cewa mijin matar aka kashe a gona. Na yi shekaru ina koyar da hidima, amma ranar wannan uwa ce ta koya mini, na kuwa ji kunya.

Yadda za mu yi

1. Mu je da ƙafarmu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu je biyu biyu, maza wurin maza a ƙofar gida, mata su shiga ciki.

2. Mu taƙaita magana. "Sannu, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri" ya isa. Kada mu ce wa mutum ya daina kuka, kada mu tilasta masa ya ba da labarin abin da ya gani. In ya fara magana da kansa, mu saurara.

3. Mu girmama al'adar gidan. Wurin makoki ba wurin gardamar addini ba ne. Idan aka tashi salla, mu jira cikin natsuwa. Mu yi musu addu'a a zuciya da kuma a sujadarmu.

4. Kada mu je hannu wofi. Kwanon gero ko dawa, damin itace, sabulu, ko ɗibar ruwa. Kada a ɗauki hoto, kada a yi shela.

5. Mu koma. Bayan sadakar uku, da bakwai, da arba'in, jama'a sukan watse. Matar Musulmi tana takaba wata 4 da kwana 10, ba ta fita yadda ta saba. Wa zai kai mata niƙa, wa zai nome mata gona? A lokacin ne aka fi bukatarmu.

6. Idan mun ga wanda ya daina cin abinci, ko barci, ko yana maganar kashe kansa, mu raka shi asibiti, kada mu tsaya a kan lallashi kaɗai.

Tambayoyi don tattaunawa

a. Waɗanne baƙi ne suka zauna kusa da mu, waɗanda ba mu taɓa gaishe su ba?
b. Me ke hana mu zuwa: tsoro, kunya, ko tsohon ɓacin rai?
c. Su wa za su je a wannan mako, me kuma za su riƙe?

Addu'a

Ya Uba, ka buɗe idanunmu mu ga masu kuka a ƙofofinmu. Ka ba mu ƙafar zuwa, da haƙurin zama, da bakin da ba ya ƙara ciwo. Cikin sunan Yesu. Amin.